Zauren Malamai: aikin gurup a aji mai yara 96, da uban da muhawara ta ɓata wa rai

Jama'a assalamu alaikum. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya, maganar raba yara gurup-gurup a aji da maganar muhawara, shi yasa na zaɓi huɗu na haɗa su waje ɗaya. Kamar kullum ba ma sa sunan kowa, gari kawai.

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya iyali. Ni malama ce ina koyar da Sibik a JSS 2 a wata makarantar gwamnati, ajina yara 96 ne wallahi ba ƙari. An kai mu wokshop aka ce mu daina tsayawa gaban allo muna ta zuba, mu dinga raba yara gurup. Na gwada, abin da nake gani shine yaro ɗaya ko biyu masu ƙoƙari su yi aikin sauran suna hira wasu ma barci, a ƙarshe kowa ya sa sunansa a takarda a ci maki tare, ga surutu har malamin ajin kusa sai ya leƙo. Anya wannan abin na irin ajinmu ne kuwa, ko dai na makarantun kuɗi ne masu yara 20?
Malama daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, sannu da fama. 96 kam ya yi yawa, tsarin ilimi na ƙasa da kansa cewa ya yi malami ɗaya yara 35 zuwa 40, kinga aji biyu da ɗoriya kike riƙe da shi ke kaɗai. Amma abin da kika gani ba yawan yara ne ya kawo shi ba, ko a makarantar kuɗin da kike magana haka ake yi, kuma ba yara kaɗai ba. Wani injiniyan harkar noma Bafaranshe mai suna Max Ringelmann ya taɓa sa mutane jan igiya yana auna ƙarfinsu, ya buga abin da ya samu a 1913. In mutum shi kaɗai ne yana ja da iya ƙarfinsa, da an ƙara mutane sai abin da kowanne ke bayarwa ya dinga raguwa, in sun kai takwas kusan rabin ƙarfin kowa ne kawai ke isa igiyar. Manya ne fa masu hankali. Wani ɓangare rashin ja a tare ne, wani ɓangaren kuma kowa ya san babu mai gane ko ya ja ko bai ja ba.

Toh duba aikin da kike basu. In tambaya biyar ce a takarda ɗaya da biro ɗaya, wannan aikin mutum ɗaya ne aka tara masa mutum shida, kuma yaran sun fi mu saurin gane haka, mai ƙoƙari ya karɓe biro don kar a ɓata masa maki, sauran su huta. Ni ban ga laifinsu ba. Ki tuna gayyar noma, abin da ke sa ta tafi shine kowa da kunyar da yake bi, in ka yi lalaci taka ce za a gani a baya. Haka ake so aikin aji ya zama, kowane yaro da nasa kason da in bai kawo ba aikin ya tsaya.

Akwai dabarar da ake kira jigso, Elliot Aronson ne da ɗalibansa na jami'a suka fito da ita a 1971 a garin Austin na jihar Texas a Amurka. Lokacin an haɗa yara farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko a makaranta ɗaya bayan an daɗe ana ware su, faɗa ya yi yawa, sai suka yanka darasi gida-gida suka ba kowane yaro yanki ɗaya, jarrabawa kuma a kan duka darasin za a yi, dole ka saurari wanda ka raina don abin da ke hannunsa babu shi a naka.

Ga yadda zaki yi da naki darasin. Benci na gaba su juyo su fuskanci na baya, uku da uku shida kenan, gurup 16 ba tare da an ja benci ko ɗaya ba. Ki ba kowa lamba daga 1 zuwa 6. A ce darasin tsarin gwamnati ne, mai lamba 1 ya ɗauki majalisa (sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360, mene ne aikinsu), 2 ɓangaren zartarwa, 3 ɓangaren shari'a, 4 gwamnatin tarayya, 5 jihohi 36, 6 ƙananan hukumomi 774. A firiyod na farko masu lamba ɗaya su haɗu su nazarci nasu kason, amma kar ki tara su 16 waje ɗaya, taron kasuwa zai zama, ki fasa su huɗu-huɗu, kuma wannan ranar in da hali ki fita dasu gindin darbejiya. A firiyod na biyu kowa ya koma gurup ɗinsa na benci ya koya wa sauran biyar, minti huɗu kowanne, ke kina zagayawa da agogo. Minti goma na ƙarshe ɗan gwaji, kowa da takardarsa, babu leƙe. Kar ki yi ƙoƙarin cusa duka a minti 40, ba zai shiga ba.

Maganar maki kuwa ki daina ba gurup maki ɗaya a raba, nan ne zaluncin yake kuma iyayen masu ƙoƙari suna da gaskiya in sun yi ƙorafi. Kowa ya ci makin CA ɗinsa, wato na gwajin cikin zango, daga takardarsa. In kina so ki saka wa gurup, ki ƙara musu maki biyu ko uku in 'yan cikinsu sun fi abin da suka ci a gwajin baya, ba wai don sun fi sauran gurup ba, da haka yaron da ya tashi daga 3 zuwa 6 ya fi amfanar gurup ɗinsa a kan wanda kullum 9 yake ci, sai ki ga masu ƙoƙari da kansu suna jan na baya. Sannan in zaki yi tambaya kar ki ce wa ya sani, ki ce gurup na bakwai lamba 4 tashi, tunda ba su san wa zaki kira ba dole su tabbatar kowa ya gane.

Surutu kam za a yi, aji mai koyo da baki ba ya yin tsit. Ki sanar da furinsifal da maƙwabcin ajinki tun kafin ranar, ki kuma sa alama ɗaya ta yin shiru, misali ki ɗaga hannu duk wanda ya gani ya ɗaga nasa ya rufe baki. Gurup ɗin kuma ke zaki haɗa ba su ba, ki bar su haka har ƙarshen zango. Wani abu kuma, in Hausa suke yi a tsakaninsu ki ƙyale su, su tattauna da Hausa su rubuta da Turanci, in kika ce za ki ci tarar banakula a aikin gurup to yara uku ne za su yi magana.

TAMBAYA: Malam barka da war haka. Ɗana yana SS 1, ya dawo gida yana bani labari wai malaminsu ya sa su muhawara a kan ko ya halatta mutum ya saci magani don ya ceci matarsa, kuma shi aka sa a ɓangaren masu cewa eh, har yana murna wai su suka ci. Gaskiya raina ya ɓaci. Sata haramun ce, to me za a yi muhawara a kai? Ina ganin wannan koya wa yara jayayya ne da kare ɓarna, yau ya kare sata a aji gobe ni zai tsaya yana faɗa wa hujja. In je makarantar ne ko ya kake gani?
Wani uba daga Katsina

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara girma. Ka je makarantar, amma ba da faɗa ba, don rabin maganarka gaskiya ce rabi kuma ina so mu ɗan zauna a kai.

Labarin da aka basu ba malamin ne ya ƙirƙira ba, sananne ne, wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke Lawrence Kohlberg ya yi amfani da shi a binciken digirinsa na uku a jami'ar Chicago a 1958. Wani mutum Heinz matarsa tana bakin mutuwa da ciwon daji, mai kemis ɗaya ne ke da maganin, ya kashe dala 200 ya haɗa amma yana sayarwa dala 2,000, mijin ya yi rance iya ƙoƙarinsa ya samu kusan 1,000, ya roƙi a rage masa ko ya ciko daga baya mai kemis ya ƙi, sai ya fasa shagon ya ɗauka. Kohlberg ya dinga karanta wa yara maza 'yan shekara 10 zuwa 16 wannan labarin, kuma shi ba eh ko a'a ya dame shi ba, dalilin yake saurare. Yaro ya ce kar ya sata don za a kama shi, wani ya ce kar ya sata don haƙƙin wani ne, amsarsu ɗaya amma ai kai ma ka san ba tarbiyya ɗaya ba ce, na farko ran da ya tabbata babu mai kama shi zai ɗauka.

Inda malamin ya kuskure a ganina wuri biyu ne. Ya sa kalmar halatta, alhali ajin Sibik ba wajen fatawa ba ne, kuma ya mayar da abin gasa aka ce wasu sun ci, yaro ya tafi gida da cewa wanda ya fi baki shi ke da gaskiya. Wannan ita ce cutar dibet ɗin makarantunmu tun da can, a ba da take irin su likita ya fi malami ko uwa ta fi uba, malami ya rubuta wa yaro jawabi ya haddace, rabin lokaci ya tafi a gaishe da shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci, a yi tafi a watse babu wanda ya saurari ɗan'uwansa. Wannan kam ina tare da kai.

Amma cewa tambayar kanta baƙuwa ce a wurinmu, a'a. Ka buɗe Muwaɗɗa ta Imamu Malik, akwai labarin bayin Haɗib da suka saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka, aka kai wa Sayyidina Umar, har ya ba da umarnin a yanke musu hannu, sai ya lura cewa maigidansu yana barinsu da yunwa, ya juya kan maigidan, mai taguwa ya ce kuɗinta dirhami 400, Umar ya sa a biya shi 800. Imamu Malik kuma bayan ya kawo labarin ya bayyana cewa aikin mutanen Madina bai tafi a kan ninka kuɗin ba. Babu wanda ya ce sata ta halatta a cikinsu, amma an tambayi me ya kai su, wa kuma ke da kaso a laifin. Ɗanka in aka bi da shi ta nan zai fara tambayar ina haƙƙin mai kemis, ina na maƙwabta da dangin da suka bar mutum ya kai ga fasa shago, wannan ai ba kare ɓarna ba ne. Kuma malamanmu suna da fanni guda na ladubban munazara, ga ayar Suratun Nahli ta 125 da ta ce a yi jayayya da abin da ya fi kyau, kenan jayayyar koyonta ake yi.

Abin da zaka roƙi malamin ya gwada shine tsarin da wasu 'yan'uwa biyu David da Roger Johnson na jami'ar Minnesota suka fitar. Yara huɗu, biyu suna wannan gefe biyu suna wancan. Kowane gefe ya kawo hujjarsa, amma kafin ka mayar da martani sai ka maimaita abin da abokin jayayyarka ya faɗa har ya ce eh haka nake nufi. Daga nan a musanya, wanda ya ce eh ya koma kare a'a. A ƙarshe a ajiye ɓangaranci su huɗun su rubuta matsaya ɗaya, in sun kasa su rubuta daidai inda suka rabu. Babu kofi babu wanda ya ci. Yaron da ya saba maimaita maganar wani daidai kafin ya amsa, Alhaji ba shi ne zai tsaya yana maka musu a tsakar gida ba.

Sannan ni da za a bi tawa da an bar Heinz ya huta an kawo namu, inda abu biyu masu kyau ne suka yi karo ba mai kyau da mummuna ba. Monita ya ga amininsa yana satar amsa, ya san in yaron ya faɗi an cire shi daga makaranta kenan, malami kuma ya tambaye shi kai tsaye wa ka gani, ga amanar abota ga gaskiya, ga kuma doka tun 1999 da ta tanadi tara ko ɗauri a kan satar jarrabawa. Ko yaron shago da ya ga maigidansa yana tauye mudu, maigidan da ke ciyar da shi yana biya masa kuɗin makaranta, sai wata tsohuwa ta tambaye shi yaro mudun nan cikakke ne? Wannan sai ka ga aji ya ɗau zafi don wasunsu suna cikin irinsa yanzu haka. Kuma a ƙarshe dole malami ya faɗi tasa matsayar da dalilinsa, ban yarda da masu cewa malami ya yi shiru kowa da ra'ayinsa ba, 'yan shekara 15 ne.

Abin da bai kamata a kai aji ba shine saɓanin aƙida, Izala da Ɗarika, Musulmi da Kirista, jam'iyya, ƙabila, da duk abin da ya shafi wani yaro a ajin kai tsaye kamar mutuwar auren iyaye. In ka ji an shiga nan to ka je da sauri.

TAMBAYA: Malam makarantarmu haɗe take maza da mata. Duk sanda na yi gurup mazan ne ke ta magana, matan ko sun fi su sani sai su yi shiru ko a mayar dasu masu rubutu. Ya zan yi?
Malami daga Jos

AMSA: Malam kar ka jefa mace ɗaya cikin maza biyar, ko dai rabi da rabi ko ka yi gurup na mata zalla, dukansu babu laifi. Rubutu kuma a dinga karɓa-karɓa kowane mako. Ka sa su tsinto murfin kwalbar lemo kowa uku, duk wanda ya yi magana ya ajiye ɗaya a tsakiya, wanda nasa suka ƙare ya ja bakinsa sai kowa ya gama da nasa, za ka sha mamakin yadda sarkin surutu zai fara tattalin magana. Kuma kafin a buɗe baki ka basu minti ɗaya kowa ya rubuta amsarsa shiru, sannan ya faɗa wa na kusa da shi, sannan gurup, Frank Lyman na jami'ar Maryland ne ya tsara wannan a 1981. Yawanci ba rashin sani ke hana yarinya magana ba, kafin ta gama auna abin da za ta faɗa wani ya riga ya ɗaga murya.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Ina koyarwa a CEG, wato ƙaramar sakandare a nan Nijar, ba mu da kayan aiki ko kaɗan. Akwai wani wasa da zan fara dashi farkon shekara don yara su saba aiki tare, wanda ba sai an kashe kuɗi ba?
Malami daga Maraɗi

AMSA: Muna amsawa Malam, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Akwai wanda ya yi suna bayan wani jawabi da wani mai suna Tom Wujec ya yi a 2010. Mutum huɗu, silin taliya 20 ɗanya, salatif da zare kowanne kamar mita ɗaya, da alawa mai laushi guda ɗaya, minti 18, a gina hasumiya mafi tsawo da za ta tsaya da kanta da alawar a ƙololuwa. Abin dariyar shine ya ce 'yan nazire suna doke waɗanda suka gama karatun kasuwanci a jami'a, don manyan suna ɓata lokaci a tsari da neman wa zai zama shugaba sai a minti na ƙarshe su ɗora alawa abin ya rushe, yaran kuwa tun farko suke ɗorawa ya faɗi su gyara su sake.

Kai kar ka taɓa taliya, iyaye su ji ana karya abinci a makaranta ka shiga uku. Tsinken tsintsiya 20, zaren ɗinki, da dabino guda ko ƙuli-ƙuli a sama ya wadatar, in babu salatif ka ƙara musu zare. Ka gwada shi a gida tukuna don ka san ko dabinon bai fi ƙarfin tsinken ba, in ya yi nauyi ka raba shi biyu.

Amma kar ka tsaya a auna tsawo a yi tafi, minti goman da ke biye su ne darasin. Ka tambayi kowane gurup shawarar wa aka bi, akwai wanda ya kawo shawara ba a saurare shi ba, sau nawa kuka gwada ɗora dabinon kafin lokaci ya cika, da ya rushe me kuka ce wa juna. Kai kuma lokacin da suke ginin ka riƙe takarda kana lura da mai karɓe komai, da mai ja baya, da mai sasanta mutane, da wannan takardar za ka haɗa gurup ɗin da za su zauna tare har ƙarshen zango, kar ka tara masu karɓe komai biyu a benci ɗaya.